Daɓen katako mai faɗi, wa ya taɓa sawa?

Amarya: Salam 'yan gida. Don Allah shawara nake nema, mun kusa tarewa a Kaduna, ni kuma raina ya biya daɓen katakon nan mai faɗi da ake jerawa kamar ƙashin kifi, falo da ɗakuna nake so, oga kuma sai cewa yake a manna tayil kowa ya huta.

Maman 'yan biyu: Wa alaikumus salam amarya, Allah ya sa alheri. Ni laminet ne a falona, kyau kam ba a magana, amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, buta ta kife ba a gani da wuri ba shikenan bakinsa ya kumbura, kuma in ya tashi ba ya komawa. Mofa ma sai an matse ta tsaf.

Injiniya: Hajiya ki fara raba su tukuna, ba abu ɗaya ba ne. Akwai katako zalla, akwai wanda ake lilliƙa falle-falle a ɗora katakon gaske siriri a sama, akwai laminet wanda hoton katako ne kawai a kan allo, sai SPC mai garin dutse da roba, shi ruwa bai dame shi ba. Matsalar arewa hunturu ce. Katako zalla yana shan raɓa da damina ya buɗe, iskar Disamba da Janairu ta busar da shi ya tsuke, kuma iya faɗinsa iya motsinsa, sai ki ga tsaga tsakanin layi ko gefen ya lanƙwaso. Mai falle-fallen ya fi zama lafiya saboda a gicciye aka jera cikinsa.

Baba Kafinta: Injiniya ka faɗi gaskiya amma kar a kashe mana kasuwa. Katakon loko in ya bushe da kyau gara ma ba ta cika son sa ba, kuma ko ya tsufa a goge a sake shafa masa mai ya dawo sabo, laminet fa in ya koɗe sai bola. Inda ake cutuwa ɗanye ake saya. 'Yata in za ki saya, ko a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ne, ki tafi da wanda ya san busasshe.

Uwargida: Ni dai ina bayan oganki wallahi. Akwai tayil dogo mai zanen katako, shi ma ana jera shi ƙashin kifin, ki wanke da ruwa son ranki. Sanyin ƙafa da hunturu ne kawai, shi kuma kafet na maganinsa.

Amarya: Anti ai wannan sanyin nake gudu. Injiniya to in laminet ne wanne?

Injiniya: Ki duba jikin kwalin, AC4 ki nema, wato lambar da ke nuna ƙarfin jure gogewarsa, kauri 8mm zuwa 12mm. Na ƙashin kifi yawanci kashi biyu yake zuwa, A da B, na dama da na hagu, a tabbatar an ba ki daidai wa daida. Ki ƙara kamar kashi 15 cikin 100 a kan awon ɗakin, yanka yana cin kaya sosai, kuma in kin koma daga baya ba lallai ki samu kalar ba. A bar kwalayen su kwana biyu a ɗakin kafin a fara. Daɓen siminti ya bushe ya miƙe sumul, a shimfiɗa leda da soso a ƙasa, a bar tazara wajen 10mm jikin bango, sikatin, wato katakon da ake bin gindin bango da shi, zai rufe.

Maman 'yan biyu: Kuma ƙaramin ɗaki kar ki wahalar da kanki, gado da wadirof za su cinye zanen, a falo yake fitowa.

Baba Kafinta: Kicin da ƙofar banɗaki kuma tayil, wannan ba gardama.

Amarya: Na gode ƙwarai. Falo kawai zan yi ke nan, bari oga ya dawo mu auna. Injiniya SPC ɗin ma yana da na ƙashin kifi?

Injiniya: Akwai. Turo awon falon in lissafa miki kwali nawa ne.