Siron bitamin na yara, wanne ya fi?

Maman Ilham: Salamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah wane siron bitamin ne mai kyau na yara? Ilham wata 9 ke nan, kunu sai an yi kokawa, nono kawai take so, kuma ta ƙi yin jiki. Kakarta kullum sai ta ce ɗiyar maƙwabta ta fi ta kumatu

Tanti Rabi: Wa alaikumus salam. Kin kai ta awo watan nan?

Maman Ilham: Walahi Tanti tun allurar wata 3 da rabi ban koma ba

Tanti Rabi: Haba ɗiyata. Ga allurar ƙyanda da ta shawara a wata 9, ga bitamin A da ake ɗiga musu tun wata 6. Ɗauki karnenta na awo gobe ki tafi CSI, likitar unguwa. Shuɗin ƙwanson bitamin A za su yanke su matsa mata a baki, jan sai ta cika shekara, kuma duk wata 6 ake sakewa har shekara 5. Ko dala ba a biya.

Maman Abdul: Maman Ilham ki ji tsoron Allah kar ki saye siron buɗe ciki wajen masu magani a kai. Ni na yi, da idona na gani. Abdul na da shekara ɗaya da wata 2, wata ta ce min ga siro jikka guda, ga wasu ƴan ƙwayoyi farare a niƙa a sa a kunu, wai sha ka fashe. Sati biyu yaro sai barci sai ci, kumatu suka cika ana ta min barka, ni kuma ina ta ɗaukar hoto ina turawa dangi a Mirriya. Ashe kumburi ne. Fuska ta yi fam, hannu da ƙafa kamar sillan kara. Da zawo ya kama shi muka je likita, malamar ta zagaya masa zaren awo a damtse ya tsaya kan rawaya, saura kaɗan ja, wato tamowa mai tsanani. Da na nuna mata kwalbar ta ce wannan ba bitamin ba ne, maganin ƙaiƙayi da mura ne mai sa barci, ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, ƙwayar kuma ruwa take tarawa a jiki tana kashe ƙarfin garkuwa. Ranar na sha faɗa, na fito ina kuka da goyo a kan kabu-kabu

Hajiya Zango: Subhanallahi. Allah ya kyauta

Maman Biyu: Ni dai kunun gero nake sa wa garin ƙuli-ƙuli da na wake soyayye, da garin zogale ɗan cokali. A yi shi da kauri, ba tsululu ba. Hanta in an samu, ƙwai, mangwaro in lokacinsa ne

Hajiya Zango: Ƙwai kuma? Mu da muka tashi ba a ba yaro ƙwai, sata yake koya

Maman Biyu: Hajiya su da ba su ci ƙwan ba su ne suka ɗauke min waya a kasuwar Dole 😂

Hajiya Zango: Ke ba ki da kunya. Zan gaya wa uwarki

Tanti Rabi: Ƙwai dafaffe ba abin da yake sai gina jiki Hajiya. Abin da za a hana shayi ne, mazan gida su daina ɗura wa yara, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jini. Zuma ma sai bayan shekara.

Maman Abdul: To wannan ki yi bokal in kunna wa baban Abdul, ni ba ya jin tawa

Maman Ilham: Na gode. To siron fa in saya ko in bari?

Tanti Rabi: A fara aza ta kan sikeli. In jininta ya yi ƙasa su za su rubuta miki na farmasi da yawan da za ki ba, kuma ki ɓoye kwalbar sama, maganin ƙarin jini in yaro ya shanye da yawa guba ne.

Maman Biyu: Wai waye ke da lambar mai injin niƙan nan na Sabon Gari? Wakena yana can tun jiya