Me ya sa ake sanya sunan Say cikin baka biyu a sunan ƙwaron dankali?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina nazari a kan ƙwarin nan masu cin ganye na dangin Chrysomelidae, sai na lura ana rubuta sunan ƙwaron dankalin Turawa na Colorado (wata jiha a Amurka) haka: Leptinotarsa decemlineata (Say, 1824). Wasu ƙwarin kuma ana rubuta sunan masanin da ya bayyana su ba tare da baka ba. Malamai, wannan bambanci yana da ma'ana ne, ko ra'ayin marubuci ne kawai?

Ɗalibin Ilimin Ƙwari:
Wa alaikumus salam. Yana da ma'ana ƙwarai, domin ƙa'ida ce a dokokin sanya wa dabbobi suna na duniya. Lokacin da Thomas Say, masanin Amurka, ya bayyana ƙwaron a 1824, cikin jinsin Doryphora ya sanya shi. Da masana suka sake duba siffofinsa suka mayar da shi jinsin Leptinotarsa, sai aka bar kashi na biyu na sunan yadda yake, aka sa sunan Say da shekarar cikin baka, alamar cewa ƙwaron ya yi ƙaura daga inda aka fara ajiye shi. Har yau Faransawa suna kiransa doryphore, wato tsohon sunan ya zauna a bakin jama'a bayan masana sun bar shi.

Mai Neman Sani:
Na gode, Malam. To decemlineata fa?

Ɗalibin Ilimin Ƙwari:
Latin ne, ma'anarsa mai layi goma. In ka kama babban ƙwaron ka duba bayansa, za ka ƙirga baƙaƙen layuka biyar a kan kowane fiffike mai tauri, a bisa launin ruwan ɗorawa.

Tsohuwar Malama:
Ina so in ƙara cewa sunan Colorado ɗin nan yakan ruɗar da ɗalibai, kuma a ganina shi ya sa bai kamata a dogara da sunan gama-gari ba. Asalin abincin ƙwaron wani tsiro ne mai ƙaya, Solanum rostratum, ɗan'uwan dankalin, kuma sai a wajen 1859 aka gan shi yana ɓarna a gonakin dankali a jihar Nebraska, ba a Colorado ba. Akwai kuma Leptinotarsa juncta, wanda ya yi kama da shi sosai, don haka ka duba layukan da kyau kafin ka rubuta suna a jikin samfurinka.