Oring ɗina na tsagewa tun ban sa shi a inji ba

Bakanike Kura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Injin ban-ruwa da janareta nake gyarawa. Bara na sayi akwatin oring baƙaƙe, wato zobban robar nan da ke hana yoyo, na rataye waɗanda na fi ɗauka a ƙusa, jikin bangon da nake walda. Jiya na ja ɗaya, sai na ga ya tsattsage kamar kaushin ƙafa a hunturu. Wani kuma na sa wa maƙwabcina a birkin motarsa, bai yi wata ba ya kumbura ya fara yoyo. Wane iri zan saya in huta?

Tsohon Oga:
Wa alaikumus salam. Ɗana, babu robar da ke ɗaukar komai. Irin akwatin nan kusan kullum nau'in robar da ake kira NBR ne. Ga baƙin mai da gas da man haidirolik ba shi da matsala, yana jure zafi har wajen digiri 100. Abokan gabarsa rana da iskar ozon, ozon kuwa tartsatsin walda da injin lantarki ne ke haifar da ita. Ka kai shi gidan maƙiyinsa, sannan ka rataye shi, ƙusa tana ja, tsagar kuma daga inda roba ta miƙe take farawa. Zuba su a leda, ɗaure bakin, saka a gwangwani mai murfi ƙarƙashin benci, nesa da zafin kwanon rufi. Nawa sun shekara biyar a haka, lafiyarsu lau.

Mai Birki:
Oga ya gama magana kan ajiya. Birki kuwa oring na robar EPDM yake so, shi ke zama da man birki na DOT 3 da DOT 4 da ruwan zafi. Amma giris ko gas ya taɓa shi, ya kumbura. Da man birkin kansa za ka shafa shi. Matsalar, shi ma baƙi ne, ido ba ya rabewa. Ni da alƙalamin maka nake rubuta sunan a jikin leda.

Injiniya Zariya:
Inda zafi ya yi yawa nemi oring na robar Viton, yana kai digiri 200. Da tsada, kuma shi ma kada ya shiga birki. Launi dai kar ka dogara da shi.

Bakanike Kura:
Na gode, Allah ya ƙara basira. Ƙusar na zare ta yanzu. Saura in je in ba maƙwabcina haƙuri.