Daga Busuwa zuwa Butre a ƙafa: musayar baitoci

Ɗan Zango:
Salamu alaikum. Amsa-amon yau "wa" ne, wanda ya karya shi ya sayi goro.

Masana gaɓar tekun Gana ku taso,
Baƙo na son yawon ƙafa a Busuwa.
Butre zai nufa, ƙauyen 'yan Ahanta,
Ina hanya, kuma yaushe ne tasowa?

Kawu Mai Taru:
Ɗana, daga Takoradi a hau mota,
Agona Nkwanta nan ake sauyawa.
Daga Busuwa ya sa gabas a gaba,
Kilomita 3, awa guda har da hutawa.
Ƙarfe 6 na safe ya kama hanya,
Da lita 2 ta ruwa, ban da mantawa.
Ya bi jiƙaƙƙen yashi, ya fi tauri,
Busasshe na cin sawu, sai gajiyarwa.
Akwai tudu tsakaninsu, mai duwatsu,
Silifas kan tsinke tun wajen hawa.

Inna Mai Kifi:
Kawu, ka yi hanya ka bar teku, ita ce mai haɗarin.

Sau 2 a yini take cika ta tumbatsa,
Sau 2 kuma take janyewa.
Kullum tana ƙara kusan minti 50,
Lokacin jiya ba shi ne na yau ba, a yi tambayawa.
In ka ga wani zirin ruwa ya yi luf,
Babu kumfa, taguwa ba ta fashewa,
Nan ne ruwa ke komawa ciki da ƙarfi,
Mai wanka a nan shi yake janyewa.
In ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi,
Yi iyo ta gefe, kana bin gaɓa, sai fitowa.

Malam Na Tudu:
Inna, kin maimaita "janyewa", goro ya hau kanki!

A saman Butre akwai tsohuwar ganuwa,
Batenstein, Turawan Holan suka yi ginawa.
1656, shekarar da suka ƙulla
Yarjejeniya da Ahanta, suka sa hannuwa.
Kango ne yanzu, a taka a hankali,
Bayan ruwan sama matakan na zamewa.
Daga can ana ganin kogi da gadar katako,
Amma hazon Janairu kan yi rufewa.

Kawu Mai Taru:
Kwale-kwalen kogi a shiga in ruwa ya cika,
In ya ja baya, laka ce ke riƙewa.
A gama ciniki tun ƙafa tana tudu,
Waya a leda, gishiri na ɓatawa.

Inna Mai Kifi:
Malam, goronka na nan. Saura ɗaya:

Mai son ganin masunta na jan taru,
Kada ya zo Talata, ba sa fitowa.