Shin Nansemond na yau su ne Nansemond na jiya?

Malam Habu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna kan Nansemond, ƙabilar nan ta 'yan asalin Amurka da ke bakin kogin da ake kira da sunansu a jihar Virginia. Ni a ganina ƙabilar ta ƙare tun 1806. Lokacin da Turawan Ingila suka kafa garin Jamestown a 1607, an ƙiyasta yawansu da kusan mutum 1,200, suna da garuruwansu da sarkinsu da ɗakunan bautarsu, a ƙarƙashin daular Powhatan, wadda ta haɗa ƙabilun yankin. Daga baya suka rabu biyu, wasu suka karɓi Kiristanci, wasu suka riƙe al'adar kakanni. Waɗanda suka riƙe al'adar kakanni sun shiga yaƙin da aka yi da Turawa a 1644, suka ƙaura zuwa wajen kogin Nottoway, suka sayar da ragowar filinsu a 1792, na ƙarshensu ya rasu a 1806. Masu amsa sunan a yau yawancinsu jikokin wani Bature ne, John Bass. Ba harshe, ba addinin da. To me ya rage?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Malam, ai John Bass ba shi kaɗai ya haifi 'ya'yan ba. A 1638 ya auri Elizabeth, 'yar sarkin Nansemond, kuma auren yana rubuce a wani tsohon littafin addini da iyalin suka gada hannu da hannu. Don me za ka ƙirga uban ka tsallake uwar? Balle ma a daular Powhatan ta ɓangaren uwa ake gadon sarauta. Idan da ma'aunin mutanen za mu auna, jinin Elizabeth ne ke gaba.

Malam Habu: Hajiya, mace ɗaya fa, kusan shekara 400 da suka wuce. Wannan dangi ne. Dangi daban, ƙabila daban.

Usman: Malam, da izininka in sa baki. Kafin a ce sun watse, a faɗi wanda ya watsa su. A 1608 John Smith, ɗaya daga shugabannin Turawan Jamestown, ya shiga kogin nan, ya kama kwale-kwalensu ya fara farfasawa, sai da suka fanshe su da masara. A 1609 Turawan da John Martin da George Percy ke jagoranta suka afka wa tsibirin Dumpling, inda gidan sarki da wuraren bauta suke. Percy da kansa ya rubuta cewa sun ƙona gidaje, sun sauko da gawarwakin sarakuna daga inda aka ajiye su, sun kwashe lu'ulu'u da jan ƙarfe da mundayen da aka yi musu ado da su. Da Nansemond suka rama, an tsinci gawarwakin wasu Turawa an cusa musu burodi a baki, wato ga abincin da kuka zo ƙwata. Mutanen da aka yi wa haka ba da son ransu suka bar bakin kogi ba.

Malam Habu: Ƙanena, ban musa zaluncin ba, kuma ya ishi mutum baƙin ciki. Amma tambayata ita ce ko sun wanzu, ba wai ko an zalunce su ba.

Hajiya Binta: To mu bi sawunsu mana. Ɓangaren da ya karɓi Kiristanci ya matsa gefen babbar fadamar Dismal, yankin Bowers Hill, suna noma da farauta, gida kusa da gida. A 1850 aka kafa musu coci, Indiana Methodist, wanda har yau yana nan, daga baya aka buɗe wa 'ya'yansu makaranta tasu su kaɗai. Wajen 1900 James Mooney, mai bincike daga cibiyar Smithsonian, ya je ya same su suna kiran kansu Nansemond. A lokacin ba wani tallafi ko fili da ake samu da wannan suna, sai ma wahala. Wa zai rungumi suna shekara da shekaru alhali ba abin da yake jawo masa sai tsangwama?

Baba Ɗanladi: 'Ya'yana, ku bari in kawo abin da ya fi ci mini rai a wannan labari. A 1924 Virginia ta yi dokar da ta raba mutane gida biyu kacal, farar fata da waɗanda ba farare ba. Shugaban ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, Walter Plecker, wanda ya riƙe kujerar daga 1912 zuwa 1946, ya dage cewa babu sauran ɗan asalin ƙasa na gaskiya a jihar. Ya hana a rubuta wa jariri asalinsa a takardar haihuwa, ya sa aka bi tsofaffin takardu ana gyarawa. A 1943 ya aika wa ma'aikata jerin sunayen iyalai gunduma-gunduma don a sa musu ido, kuma sunan Bass yana ciki. Ku duba halin uwar da ta haihu, ungozoma na tsaye da takarda a hannu tana tsoron hukuma, ba ta da ikon rubuta abin da su biyun suka sani. Sai a 1967 Kotun Ƙoli ta rushe hanin aure tsakanin farar fata da waɗanda ba farare ba da ke cikin dokar. Habu, gwamnatin da ta bi iyalin Bass da suna don ta goge asalinsu, ai ta san akwai abin gogewa.

Malam Habu: Baba, Allah ya ƙara girma, wannan hujja ce mai nauyi. Amma ga abin da ke damuna. Ƙabilar Pamunkey ma a Virginia suke, su ma Plecker ya taɓa su, duk da haka sun bi ta hukumar kula da 'yan asalin ƙasa, sun kawo takardu, gwamnatin tarayya ta amince da su a matsayin ƙabila a 2015. Nansemond kuwa ta majalisa suka bi, Shugaba Trump ya sa hannu a Janairun 2018, su da wasu ƙabilu biyar. Abin da 'yan siyasa suka bayar da ƙuri'a ba ɗaya yake da abin da masu bincike suka tantance ba.

Usman: Pamunkey suna zaune a keɓaɓɓen filinsu tun ƙarni na 17, Malam, shi ya sa sawunsu bai ɓata ba. Su kuwa waɗannan, ko takardun kotun gundumar Nansemond sau uku gobara na cinye su, a 1734 da 1779 da 1866. Kuma jihar Virginia ta riga ta amince da su tun 1985, shekara 33 kafin tarayya.

Maryam: Ni ina tsakiya. Na yarda da Malam Habu cewa an yi asarar da ba ta dawowa. Harshen ya tafi, kuma taron gangajiya da suke yi duk watan Agusta ba zai maye gurbin abin da aka ƙona a tsibirin Dumpling ba. Amma batun harshe shi kaɗai bai isa ba. Fulanin gida nawa ne a Kano da Sakkwato ba sa jin Fulatanci ko kaɗan, kuma ba wanda ya isa ya ce musu su ba Fulani ba ne?

Malam Habu: Maryam, Bafulatanin Kano yana da 'yan uwa miliyoyi da ke jin harshen, in ya so gobe sai ya koya. Ɗan Nansemond wurin wa zai je?

Hajiya Binta: Wannan shi ya sa na fi jin tausayinsu, Malam, ba shi zai sa in ƙwace musu suna ba. Kuma sun koma bakin ruwan. A 2013 birnin Suffolk ya ba su fili sama da eka 70 a gefen kogin, suka sa masa suna Mattanock, sunan ɗaya daga tsofaffin garuruwansu. A 2022 aka mayar musu da wata fadamar, Cross Swamp, eka 504. Ita kanta gundumar Nansemond ta Turawa ta ɓace daga taswira, an haɗe yankin da Suffolk a 1974, mutanen kuwa suna nan suna zaɓen shugabanninsu.

Malam Habu: Filin hakkinsu ne, ban ja ba, ko a matsayin magada aka ba su. Inda nake tsaye shi ne, al'ummar da ke Mattanock yau sabuwa ce da jikoki suka sake ginawa a 1984, ba wadda John Smith ya tarar ba.

Baba Ɗanladi: Su ma Turawan Virginia na yau ba su ne na jirgin 1607 ba, Habu, kuma ba wanda ya nemi su kawo takarda kafin su yi bikin Jamestown.