Corolla ta ƙi tashi bayan an sa sabuwar sarkar taimin

Ɗan Rikkos:
Assalamu alaikum. Corolla ce 2005, injin 1ZZ. Ta yi zafi a Hawan Kibo, gaskit ya ƙone. Makanike ya sauke top silinda, aka kai aka goge fuskarsa, aka yi giraindin bawul, ya sa sabuwar sarkar taimin (mai daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul) da na sayo a Dilimi. Yanzu in an murɗa makulli sai injin ya yi ta juyawa da sauri ba nauyi, amma ba ya kamawa. An auna kwamfireshin, wato ƙarfin matsin iska a silinda huɗun: 95, 100, 40, 95. Ya ce sai dai in sayi injin Baljiyam. Da motar nan nake ciyar da iyali, don Allah a ba ni shawara.

Tsohon Makanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sayi komai tukuna. Fistin huɗu ba sa mutuwa dare ɗaya. Tunda duka sun faɗi tare bayan an taɓa sarka, taimin za a fara dubawa. A buɗe murfin sama, a kawo fistin na ɗaya can ƙoli, a ga ko alamomin kamshaf biyun (sandunan da ke buɗe bawul) da na kirankshaf (sandar da fistin ke juyawa) sun zauna inda ya kamata.

Na uku kuwa, mai 40, ciwonsa daban. Injin nan ba a ɗaure bawul ɗinsa da sukuru. Akwai ƙananan kofuna a kan kowane bawul, kowanne da kaurinsa. In yaran gareji sun zuba su cikin kwano ɗaya suka wanke, suka mayar yadda suka ga dama, wani bawul ba zai rufe ba. A auna tazarar da ke tsakanin kamshaf da kofunan in injin ya yi sanyi: na shigar iska 0.15 zuwa 0.25 na milimita, na hayaƙi 0.25 zuwa 0.35.

Mai Gareji, Farin Gada:
Gaskiya ne, Baba. Kuma a zuba baƙin mai cokali ɗaya ta ramin filogi a sake aunawa. In lamba ta hau, ringi ne. In ba ta motsa ba, a hura iska ta ramin filogin a saurara: in ta fita ta salansa bawul ne, kumfa a lagireto gaskit ne. Toyota ta ce kwamfireshin ɗin lafiyayyen injin nan 189 ne, amma Jos tudu ce, wajen mita 1,200, don haka 160 zuwa 170 lafiya lau ne a nan.

Ɗan Rikkos:
Allah Ya saka da alheri. Kofunan kam a kwano ɗaya na gan su cikin fetur. Gobe da safe zan tsaya a kansa a auna.