Na kalli Precious jiya da daddare, uwar ce ta hana ni barci

Maman Ilham:

Assalamu alaikum. Jiya bayan yara sun kwanta na zauna na kalli Precious, fim ɗin Lee Daniels na 2009. Na san ya kwana biyu, sai yanzu Allah ya nufa na gan shi. Ga wanda bai gani ba: labarin wata yarinya ne mai suna Precious, 'yar shekara 16 a unguwar Harlem ta birnin New York a 1987, ba ta iya karatu ba, tana ɗauke da ciki na biyu, kuma duka biyun mahaifinta ne ya yi mata. Uwarta Mary kullum tana gaban talabijin, ba ta da aiki sai zagi da jifa. 'Yar da Precious ta fara haifa ma a wurin mahaifiyar Mary take, sai ranar da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a za ta zo duba gidan ake kawo ta, don kada kuɗin tallafi ya yanke.

Tun daga farko na tsani matar nan. Wurin da ta wurgo talabijin daga saman bene, yarinyar tana ƙasa rungume da jariri, sai da na dafe ƙirji. Amma a zaman ƙarshe a ofishin jin daɗin jama'a, da ta fara ba da labarin yadda abin ya soma tun yarinyar tana shekara uku, tana kuka tana neman wanda zai so ta, sai na ji jikina ya yi sanyi.

Dalilina shi ne, shekara shida ke nan ni kaɗai nake riƙe da 'ya'yana biyu, tun da na bar gidan duka. Wata rana na dawo daga aikin dare a gajiye, na tarar Ilham ta yaga rigar makaranta. Na ɗaga hannu. Sai ta sunkuya ta rufe kanta da hannu biyu, daidai yadda nake yi a gaban babanta. Ban dake ta ba, amma har yau ina ganin hannayen nan.

Tambayata: tausayin da na ji wa Mary laifi ne? Ko fim ɗin ne ya yaudare ni?

Abu Sadik:

Wa alaikumus salam, Yaya. Ba yaudara ba ce, aikin 'yar wasa ne mai kyau. Mo'Nique, wadda ta fito a matsayin Mary, 'yar barkwanci ce asalinta, kuma wannan rawar ce ta ba ta kyautar Oscar a 2010. Geoffrey Fletcher, wanda ya mayar da littafin Push na Sapphire zuwa fim, shi ma ya ci tasa, ya zama baƙar fatar Amurka na farko da ya ci Oscar a rubutun fim. Gabourey Sidibe kuwa, wadda ta fito a matsayin Precious, shi ne fim ɗinta na farko. A bikin fina-finai na Sundance na 2009 fim ɗin ya fara fitowa, ya ci kyautar alƙalai da ta 'yan kallo, kafin Oprah Winfrey da Tyler Perry su tallata shi. Ki lura kyamara ta fi tsayawa a kan fuskar Mary a wannan zaman. An hana ki wurin kawar da kai ne, dole ki saurare ta a matsayin mutum.

Anti Jummai:

'Yata, ni ban ji mata tausayi ba ko na sakan ɗaya, kuma zan faɗa miki gaskiya. Ki sake sauraron zaman nan. Duk kukanta a kan kanta yake: mijinta, kaɗaicinta, wa zai kula da ita. 'Yar shekara uku ta mayar kishiya. Tana ji tana gani, ta zaɓi namijin. Talauci yana sa uwa tsawa, yana sa ta faɗi maganar da za ta yi nadama, na san wannan domin nawa huɗu na rena ba uba. Amma talauci bai taɓa rufe wa uwa ido a kan irin wannan ba.

Ke kin ɗaga hannu kin sauke, kin kwashe 'ya'yanki kin fita daga gidan. Kada ki ƙara haɗa kanki da Mary, don Allah.

Malama Rakiya:

Ni ina koyar da manya karatu, don haka ajin Malama Rain, wadda ke koya wa Precious karatu, shi ne ya riƙe ni. Littafin da take sa su rubuta kullum, ita kuma ta mayar musu da amsa a ciki, haka aikin yake. Na sha ganin mace mai 'ya'ya ta riƙe biro hannunta yana rawa, ta rubuta layi ɗaya a kan abin da ba ta taɓa furtawa da baki ba. Akwai masu sharhi baƙar fata a Amurka da suka soki fim ɗin, suna ganin an tara wa iyali ɗaya kowace masifa don a sayar wa fararen 'yan kallo. Na fahimce su, musamman da aka ƙara wa Precious cutar HIV a ƙarshe. Sai dai na zauna da matan da nasu labarin ya kai haka nauyi.

Maman Ilham, kin taɓa yi wa Ilham maganar ranar nan?

Maman Ilham:

Ban taɓa ba, Malama. Kunya nake ji. Anti, na gode, maganarki ta sa ni kuka a wurin aiki. Yau ba ni da aikin dare. In ƙanenta ya yi barci zan kira ta ɗakina, in tambaye ta ko tana tuna rigar.